Inda Takalminsa Yake Cinyewa

A ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku, tsakanin shagon mai aski da na mai gyaran waya, akwai wani lungu da tabarma ɗaya za ta rufe. Nan Likita ya yi shekara talatin da 'yan kai yana zaune a kan guntun benci, akwatin ƙusoshi a damansa, gwangwanin gam a hagunsa. Bai taɓa riƙe allurar da ta wuce basilla ba, gyaran takalma ne sana'arsa. Sunan ya bi shi ne saboda wani hali nasa mai ƙular da mai sauri. Ka miƙa masa takalmi ka ce ga inda ɗinki ya ɓalle, ba zai ko dubi wurin ba. Sai ya kifa takalmin a cinya, ya bi ƙasansa da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen haske, ya yi ta kallo har ka fara duba agogo, sannan ya gaya maka abin da ba ka tambaye shi ba. Ya ce kana jan ƙafar hagu, ko ya ce ka sake wurin aiki, yanzu tsayuwarka ta fi tafiyarka yawa. Abin haushin kuma, da wuya ya kuskure. Mai aski, wanda bakinsa bai san hutu ba, shi ya fara ce masa Likita bokan Turai, yana cewa wata rana sai ya gano wa wani hawan jini a jikin silifa.

Da ƙuruciya ya taɓa ƙwallo, ba wani abin a-zo-a-gani ba, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Amma son abin bai bar shi ba. Duk yaran da ke wasa a filin bayan makaranta wurinsa suke kawo takalma, kuma ko ba ka faɗa ba ya san inda kake tsayawa a fili. Ɗan gaba, hancin takalminsa ne ke fara mutuwa. Mai gudu a gefe, haƙoran ƙasan takalmi na gaba ke cinye masa. Yakan ce baki ya iya ƙarya, ƙasan takalmi bai iya ba.

Allah bai ba shi haihuwa ba, shi da matarsa sun daɗe da rungumar haƙuri. Abin da yake da shi shi ne ɗan ƙanwarsa. Mijinta direba ne, ya yi wata tafiya da bai dawo da rai ba, ya bar ta da yaro ɗan shekara biyar. Ta samu aikin shara da goge-goge a wani asibiti, tun da sassafe take fita, don haka in an tashi daga makaranta lungun kawunsa yaron yake zuwa. Siriri ne, ba shi da gudu, ba shi da yawan magana. A fili kuwa wuyansa ba ya zama wuri ɗaya. Ƙwallo tana can nesa, shi yana ta duba bayansa, hagu da dama, kamar wanda kare ya biyo. Yara suka sa masa Waiwaye, sunan ya zauna har uwarsa ta shiga kiransa da shi.

Mai kula da ƙungiyar unguwa wani mai gyaran wutar lantarki ne, kowa Koci yake ce masa. Ba wanda ya ɗauke shi aikin, shi ya ɗauki kansa. Usur ɗaya gare shi da ƙwallaye huɗu, biyu daga ciki da ɗinkin Likita suke rayuwa. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya munafunci. Da Waiwaye ya shigo hannunsa yana ɗan sha biyu, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya sa shi a baya, manyan yara suka riƙa ture shi. Ya kai shi gefe, kowa ya fi shi gudu. Ya tura shi gaba, ya yi wata uku bai ci ko ɗaya ba, in ya samu ƙwallo a bakin raga ma sai ya miƙa wa wani. Koci ya fara zaunar da shi a benci, yana cewa yaron kirki ne, amma ƙwallo ba dole ba ce.

Wata rana da la'asar Waiwaye ya ajiye takalmansa na gwanjo a kan akwatin ƙusoshi, harshen ɗaya ya tsinke. Likita ya kifa su yadda ya saba, sai yatsansa ya tsaya. Hancin kamar sabo. Gefen ciki kuwa ya goge, na dama da na hagu daidai wa daida, abin da bai cika gani ba. Haƙoran dunduniya sun cinye a zagaye, irin cin da ba ya samun kowa sai mai yawan juyi a wuri ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Washegari ya rufe lungunsa da wuri, abin da ko zazzaɓi ba ya sa shi yi, ya ɗingisa har filin da takalman a leda.

Ya ce wa Koci yaron nan ba bin ƙwallo yake yi ba, jiranta yake, ya karɓa, ya juya, ya miƙa. Waiwayen da ake yi masa dariya a kai kuwa, ƙirga mutane yake yi kafin ƙwallo ta iso gare shi. Ya ce a sa shi a tsakiya, can ƙasa, gaban 'yan baya, wurin da ake ce wa lamba shida.

"Yanzu kuma takalmi ne zai riƙa fitar mini da 'yan wasa?" in ji Koci.

"Gwada shi sau ɗaya. In bai yi ba, na daina sa baki a harkar ƙwallo har abada."

Koci ya ce wannan alkawarin kaɗai ya isa a gwada.

Wanda bai san ƙwallo ba zai iya kallon wasa har a tashi bai lura da mai lamba shida ba. Ba shi ke ci ba, ba shi ake ɗagawa sama ba. Aikinsa ya tsaya inda ƙwallo za ta faɗo tun kafin ta faɗo, ya tare hanya, ya karɓa daga 'yan baya ya raba wa 'yan gaba. Likita yakan kwatanta shi da ɗinkin ciki, ba mai ganinsa, amma ran da ya tsinke takalmi ke buɗe baki. Waiwaye ya shiga wurin nan kamar an auna ƙafarsa. Tun ranar farko ƙungiyar ta daina wasan kowa-tasa-ta-fisshe-shi, ƙwallo ta fara tafiya daga ƙafa zuwa ƙafa. Koci bai ce an yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne, amma da aka tashi ya biyo ta lungun ya gyara wa Likita ƙwan fitilarsa da ya yi wata biyu yana ƙyafta ido.

Shekara biyar Likita yana kallon abin yana girma. A shekarar farko ko iska ta taɓa yaron sai ya faɗi, Koci ya koya masa ba mutum baya da kafa ƙafa. A ta biyu yaron ya sa ƙafar hagu a gaba, kullum da yamma yana bugun bangon matakala da ita, har mai gyaran waya ya kawo ƙara cewa ƙananan ƙusoshinsa na tsalle a kan tebur. Daga nan ya koyi doguwar ƙwallo mai tsallake fili ta sauka a ƙafar mutum. Abin da ya fi wuya ya zo a ƙarshe, sanin lokacin da ba a sauri, a riƙe ƙwallo 'yan'uwa su yi numfashi. Duk bayan 'yan watanni takalmansa sukan dawo kan akwatin ƙusoshi, Likita ya karanta su yadda uba ke karanta sakamakon jarrabawa, ya yi murmushi shi kaɗai. Ƙungiyar ta yi shekara biyu ba a ci ta a gida ba. 'Yan kallo kuwa, Allah ya shirye su, yabonsu duk ga mai lamba goma yake tafiya, wani yaro mai rina gashi da ake kira Ɗan Gayu, wanda rabin ƙwallayen da yake ci a baki ake sa masa.

Waiwaye na da shekara sha bakwai aka ce wasu mutane za su zo daga makarantar ƙwallo ta wata babbar ƙungiya. Rana ɗaya za su yi, wasa ɗaya za su kalla tsakanin unguwar da maƙwabciyarta, yara uku za su ɗauka, kuma ba sa ɗaukar wanda ya wuce sha bakwai. Ga Waiwaye ke nan ƙofa ɗaya ce, in ta rufe ta rufe.

Shagon aski kuwa kowa koci ne. Mako guda Likita yana jiyo su ta bango. Wani ya ce shi ya san irin mutanen nan, ba sa rubuta sunan kowa sai wanda ya ci. Wani ya ce minti nawa za su yi da har za su tsaya kallon mai raba ƙwallo. Wani da ko gwangwani bai taɓa shura ba ya ce mai lamba shida ko uwarsa ba ta ganinsa a fili, aka kwashe da dariya. Likita ya yi tsaki ya ci gaba da ɗinki, da a nan abin ya tsaya da ba komai. Amma ana saura kwana biyu ƙanwarsa ta biyo daga aiki, hannuwanta sun yi fari da ruwan sabulu, ta zauna a bakin benci.

"Yaya, ni fa sau biyu na je kallo, ban ji an kira sunansa ba ko sau ɗaya. Anya baƙin nan za su gan shi?"

Ya ce mata za su gan shi. Amma maganar ta shige shi, ta ƙi fita. Ya san abin da takalmi ya ce, ya fi kowa sani. Tsoro ne ya kama shi, irin tsoron wanda abu ɗaya tak gare shi a duniya. Ya riƙa ganin baƙi uku suna rufe littafinsu suna shiga mota, ba wanda ya ko tambayi sunan siririn yaron nan na tsakiya.

Ranar gwaji ya sa rigarsa mai kyau. Yara na ɗumama jiki a tsakiyar fili, ya ja Koci bayan raga ya ce yau kaɗai a sa Waiwaye a lamba goma, kusa da raga, inda ido yake. Koci ya girgiza kai. Likita ya dafa kafaɗarsa ya ce yaron ya iya komai, in ya ci ko ɗaya ce shi ke nan. Koci ya sake girgiza kai.

"Kai ka kawo mini takalmansa a leda, Likita. Kai ka koya mini inda yake."

A nan Likita ya faɗi maganar da bai kamata ta fito daga bakinsa ba. Ya ce ai dama maraya ba shi da mai tsaya masa, an ajiye wurin gani wa masu uba, shi an bar shi yana yi musu wanke-wanke. Ya faɗa wa mutumin da ya yi shekara biyar yana ɗawainiya da yaron don Allah. Koci ya dube shi har sai da Likita ya kau da ido.

"Na ji. Zan ce ni na ga dama. Amma ka sani, yau ka bar takalmi ka bi bakin mutane."

Garin neman gira aka rasa ido. A lamba goma ƙwallo daga baya take zuwa, in ka juya ka karɓa raga na bayanka, ƙarti biyu manne da kai. Waiwaye ya waiga yadda ya saba, bai ga fili ba sai ƙirjin mutane. Yaron da aka sa a wurinsa kuwa ya rasa gabas ya rasa yamma, ƙwallo ta daina isowa gaba ma sam. Sau biyu ƙafafun Waiwaye suka ja shi baya zuwa inda suka sani, ya karɓi ƙwallo, wasan ya fara daidaita. Sau biyun kuma yana duban bakin fili, sai ya sake komawa gaba. Likita ya ɗauka Koci yake duba. Dama ɗaya ta zo masa ana dab da tashi, shi da gola. Ya buga da hancin takalmi, wurin da bai taɓa cinye masa ba, ƙwallo ta gangara a hankali gola ya durƙusa ya ɗauka.

Baƙin suka kira sunaye uku. Na farko mai lamba shidan ɗaya unguwar ne, yaron da bai kai rabin Waiwaye ba. Babban baƙin, wani mai furfura, ya zo yana sallama da Koci, Likita na tsaye taku uku daga wurin.

"Mu fa lamba shida muka fi nema. Masu lamba goma duk inda muka je sun fi yashi yawa. An ce mana kuna da wani yaro a nan mai ido a ƙeya, ina yake?"

"Yau bai buga ba," in ji Koci.

Waiwaye bai yi kuka ba, bai zargi kowa ba. Ya wanke takalmansa, ya ɗaure igiyoyinsu, ya rataye su a ƙusa cikin lungun kawunsa. Ya ɗan ƙara buga wasa na 'yan watanni da takalmin aro, sannan ya daina zuwa. Ya samu aikin ɗaukar kwalaye a wani sito a bayan tasha. Uwarsa kuwa har gida ta bi Koci, ta wanke shi soso da sabulu a gaban iyalinsa, ta ce ya kashe wa maraya gaba don baƙin ciki. Koci ya ce ta yi haƙuri, kuskure ne. Shagon aski ma ya juya, waɗanda suka ce a kai yaron gaba su ne suka fi kowa tambayar wane irin koci ne zai sauya wa yaro wuri ranar gwaji. Likita yana jin su ta bango, basilla na hannunsa. Kullum yana cewa gobe zai faɗa. Bayan shekara Koci ya miƙa usur ga wani, aiki ya kai shi wani gari, bayan shekara huɗu kuma labarin rasuwarsa ya zo. Ya tafi da laifin da ba nasa ba, Likita kuma kunya da baƙin ciki suka zauna masa a ƙirji.

Tun daga ranar gwajin bai ƙara kifa takalmin kowa ba. Inda ka nuna nan zai ɗinke, ya miƙa maka. Masu sauri suka ji daɗi. Mai aski ya yi ta tsokanarsa cewa an ƙwace wa Likita lasisi, da ya ga ba a dariya sai ya bari.

Shekara tara ke nan. Waiwaye ya yi aure, har da 'yarsa mai tatata. Bai taɓa fasa biyowa gaida kawunsa ba, amma takalminsa wani wuri yake kaiwa, ko don kusa ne da sito, ko don wani dalili. Sai wata la'asar ya zo da manyan takalman aikinsa a hannu, silifa a ƙafa, ya ce mai yi masa gyara ya yi tafiya, ga ƙasan ɗaya ya ɗaga. Likita ya karɓa. Idonsa ya fara rauni yanzu, amma hannu bai manta ba, kafin ya ankara takalmin ya kife a cinyarsa. Yatsansa ya bi ƙasan. Hancin kamar sabo. Gefen ciki ya goge, dama da hagu daidai wa daida. Dunduniya ta cinye a zagaye.

Ya tambaye shi wane aiki yake yi yanzu a siton. Waiwaye ya ce ya daɗe da daina ɗaukar kaya, a tsakiya aka tsayar da shi. Motoci na shigowa ta baya, masu kura na fita ta gaba, shi ke cewa wannan ya bi nan, wancan ya dakata. Ya ce tun da aka ba shi wurin ba a taɓa yin karo ba, ya faɗa yana ɗan dariya.

Likita ya ɗaga kai ya dubi tsofaffin takalman da ke rataye a ƙusa, fatarsu ta bushe ta tsattsage, ya san in bai faɗa yau ba shi ma da maganar zai tafi. Ya faɗa, bai rage komai ba, har maganar maraya da wanke-wanke. Ya ce Koci bai yi laifi ba, shi ne ya roƙa, shi ne ya matsa.

Waiwaye ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a bayansa.

"Na sani, Kawu."

Likita ya dube shi.

"Muna ɗumama jiki na waiga na gan ku a bayan raga. Na ga ka dafa kafaɗarsa, na ga ya girgiza kai sau biyu. Da ya miƙo mini rigar lamba goma bai iya kallon idona ba. Na je na same shi kafin ya bar gari, ya ce kada in gaya wa Umma, ni da kai kaɗai muka rage mata."

"To da ka ga wasan ya lalace, me ya hana ka komawa wurinka? Ba wanda zai hana ka."

"Na koma ai, sau biyu. Sai in duba in gan ka a bakin fili, ka sa rigarka mai kyau, ka ɗaga wuya kana kallon raga. Na ce bari in gwada in ci maka ko ɗaya ce."

Sannan Waiwaye ya tambaya ko takalmin zai samu gobe, don da shi yake shiga aiki. Likita ya gyaɗa kai. Waiwaye ya ce a gaida gida, ya juya ya kama hanya, silifansa na ƙara a kan siminti.

Likita ya lalubo basilla da zare, hawaye ya hana shi ganin kafar basillar. Ya yi sauri ya sunkuyar da kai a kan takalmin kamar mai aiki, don ya san kafin yaron ya kai kwana sai ya waiwayo.